Koya wa Turke Faɗuwa

Ni dai tun ranar da mijina ya shigo mini gida da buhun nan na san ya kwaso mana aiki. A hawa na biyar muke a unguwar Faisal ta Alƙahira, gidan ba lifta, amma mutumin nan ya hauro da buhu a kafaɗa yana ta murmushi, ya dire shi a tsakiyar falo har kofunan shayina suka yi ƙara a kan tire. Na buɗe, sai ga rigar ƙarfe, ƙananan zobba an sarƙe su cikin juna, duk tsatsa, tana warin tsohuwar tukunya. Na tambaye shi mece ce wannan kuma, ya ce sulke ne, aro aka ba shi. Na ce to wa za mu yaƙa, mai gidan haya?

Sunansa Iliya, ni Baban Ilham nake ce masa. A Ƙauran Namoda kuwa in ka ce Iliya sai an tambaye ka wanne, amma in ka ce Turke har tsohuwar da ke cikin ɗaki ta san wanda kake nufi. Shekara goma sha huɗu ya yi yana dambe. A dambe, in gwiwarka ko tafin hannunka ya taɓa ƙasa, an kashe ka ke nan, ko da santsi ne ya kwashe ka. Nasa bai taɓa ba ko sau ɗaya. Ranar da hannunsa na dama ya karye a Gusau ma, a turmi na biyu abin ya faru, ya ƙarasa na uku a tsaye, sai da aka kwance zaren aka ga ɓarnar. Yatsu biyu suka ƙi lanƙwasuwa daga nan, dambe ya ƙare. Alhaji Hassumi, wani ɗan Maraɗi mai ofishin aika kaya a unguwar Dokki, wanda ya daɗe yana bin wasansa, shi ya kawo mu Alƙahira ya ba shi aikin ɗaure diloli na abaya da jallabiya masu tafiya Kano da Yamai.

Shekara huɗu muka yi a haka, kuma ba zan ɓoye ba, na sha wuya da mutumin nan. Ba duka, ba zagi, shiru kawai. Ya fita da safe ya hau mikrobas, ya dawo ya ci abin da na ajiye, ya zauna a baranda yana kallon shanyar maƙwabta. In na yi masa hira ya ce to. In na yi masa faɗa ya ce to. Wata rana tausayinsa ya kama ni, wata rana in ji kamar in kwaɗa masa murfin tukunya ko zai ce wani abu dabam.

Sai ga Duktur Fadl. Bamisire ne, mai kantin magani a ƙasan ofishin Alhaji Hassumi, gajere mai tumbi da gilashi, wanda in ka gan shi ba za ka ce ya taɓa riƙe abin da ya fi almakashi ba. Ashe shi ne shugaban wata ƙungiya da ke haɗuwa duk Juma'a bayan salla a wani fili a Ma'adi, su sa kayan yaƙin Mamaluka, sojojin da suka mulki Masar a zamanin da, su yi ta gwabzawa da takubba marasa kaifi. Wata rana yana fama da buhun sulke a bayan motarsa, shi da yaron kantinsa sun kasa, mijina ya zo wucewa ya ɗauke da hannu guda. Duktur ya bi shi da kallo, ya ce ya zo ranar Juma'a.

Na raka shi zuwa na uku, don in ga abin da ke sa mutum ya riƙa rera waƙa a banɗaki bayan shekara huɗu. Muka hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, muka canza a tashar Sadat, muka sauka Ma'adi. Wajen mutum ashirin na tarar, akwai injiniya, akwai malamin makaranta, akwai wani Ubaida da ke aikin banki, manyan mutane da 'ya'yansu, sun kifa kwalkwali a kai suna haki. Da farko dariya ce ta kama ni har sai da na rufe baki da gyale. Amma da na zauna na ga ba shirme suke yi ba. Duktur yana da kwafin tsofaffin littattafan da aka koyar da sojojin da su, a nan yake duba yadda ake ɗora ƙafa, da yadda ake tare sara da gefen takobi don kada bakinsa ya lalace, da yadda ake karkata garkuwa sara ya zame. Suna tara yumɓu mai laima a kan benci su riƙa sara, a duba zurfin saran da miƙewarsa. Ya yi mini bayani da Larabcinsa mai sauri cewa sulke yanka kawai yake hanawa, ba ya hana ƙashi karyewa, don haka dole a sa riga mai kaurin auduga a ciki. Na ce ai wannan lifidi ne, mun san shi. Kafin wata ya ƙare ni ke ɗinka musu.

Shi kuwa gogan naka, abin ya zo masa daidai. Tsayuwar ɗan dambe ce dama, hagu a gaba tana tarewa, dama a baya tana jira. Aka ɗaura masa madaurin fata a ƙotar takobi saboda yatsun nan biyu. Cikin wata biyar babu mai iya taɓa shi sau uku a jere in ana gwaji. Ya dawo da cin tuwo malmala biyu. Ya riƙa tsokanar Ilham, yana ba ni labarin wanda ya yi tuntuɓe da garkuwarsa. Na samu mijina, magana ke nan, kuma na ji daɗi ƙwarai.

Matsalar ta taso ne da wata makaranta a Ma'adi ta gayyace su su yi wasa a gaban ɗalibai da iyaye. Wasan gaban jama'a ba irin gwajin Juma'a ba ne, tsara shi ake yi sara bayan sara, kowa ya san inda zai tsaya da inda zai mutu. Dokar Duktur kuma ita ce sabon shiga, a wasansa na farko, shi ake fara kashewa. Aka haɗa mijina da Mahir, wani dogon saurayi mai ladabi. Mahir zai kawo sara ta sama, mijina ya tare. Ya kawo na biyu ta gefe, ya tare. Na uku ya shigo masa ta ciki, a nan zai durƙusa ya kife, shi kuma Mahir ya juya da takobin da dukan ƙarfinsa ta daidai inda kan mijina yake a da, ya haɗu da garkuwar Ubaida da ke tahowa ta baya. Ka ga duk tsarin ya dogara ga kan nan ya bar wurin.

A gwajin farko kan bai bar wurin ba. Sara na uku ya sauka, mijina ya tsaya ƙyam, Mahir ya yi maza ya janye hannu. Aka yi dariya, aka ce ma'alish, wato ba komai, mantuwa ce. Juma'ar da ta biyo aka sake da sauri irin na gaske, ya sake tsayawa. Takobin ya same shi a gefen kwalkwali, ƙarar har bakin ƙofa. Kunnensa ya fashe, wuyan hannun Mahir ya gurɗe ya kumbura nan take. Ina wurin, na kawo riguna biyu da na gama. Duktur bai ɗaga murya ba. Ya ɗaure wa Mahir hannu, ya wanke wa mijina kunne, sannan ya gaya masa a gabana cewa yana ƙaunarsa, kuma bai taɓa samun ɗalibi irinsa ba, amma mutumin da ba ya faɗuwa wata rana zai sa a kashe wani ko a kashe shi. Saura mako uku. In ya faɗi ranar wasa, yana nan. In ya tsaya, ya ajiye sulken a filin ya tafi, khalas, shi ke nan.

A metro ban ce masa komai ba saboda mutane. Muna shiga gida na sauke masa kwandon masifa. Na ce ƙato da kai, wasan yara ya gagare ka? Ilham ma in suna wasa da 'yar maƙwabta ta iya mutuwa, har da fito da harshe. Na ce ka kusa karya ɗan mutane saboda taurin kai. Ya ce ba da gangan ba ne, yana sane da ƙidayar, yana jin na uku ya zo sai ƙafar ta ƙi. Na ce ƙafar taka ce ko ta aro?

Washegari da ya dawo aiki da la'asar ya tarar na jawo katifa falo, na ture tebur, ina riƙe da muciya. Har na sauka na gaya wa Ummu Arwa, matar da ke ƙasanmu, kada ta tsorata in ta ji ana faɗuwa a kanta. Muka fara. Ɗaya, ya tare da murfin tukunya. Biyu, ya tare. Uku, na zungure shi a ciki. Ya sunkuya, ya sunkuya, gwiwar ta zo saura kamar taƙi guda ta taɓa katifa, sai ta tsaya a nan tana rawa, zufa na tsattsafo masa a goshi, ya miƙe. Muka sake, haka. Na zagaya na tokare masa bayan gwiwa, ya dafe da ɗaya ƙafar kamar kyanwa. Bayan kwana uku Ummu Arwa ta tare ni a matakala tana tambaya wai an fasa ne, ita ba ta ji komai ba.

Na gwada ta lallami, na gwada ta gori. Na ce sau nawa gwiwar nan take taɓa ƙasa a rana in kana salla? Ya ce wannan ga Allah ne. Na ce fuskarka a rufe take da sulke, idanu kawai ake gani, wa zai gane ka? Ya ce iyayen yara duk da waya za su zo, kuma duk wanda ya taɓa ganin wasansa ko daga tsayuwa zai gane shi, kafin magariba hoton ya kai Ƙaura. Na je na sami Duktur a kantinsa ba da sanin mijina ba, na roƙe shi ya juya abin, a bar shi ya kashe Mahir. Ya ba ni kujera, ya ba ni shayi, ya ce a'a. Na fito ina zaginsa da Hausa ina masa murmushi.

Ana saura kwana ɗaya, da hantsi, na hau rufin gida na same shi yana wanke sulken. Yadda suke yi, a zuba shi a buhu da yashi da khal, ruwan tsamin nan, a ɗaure, a yi ta mirginawa har tsatsar ta fita. Ya fito da shi yana ƙyalli, ya shimfiɗa a tabarma yana bin zobban da mai ɗaya bayan ɗaya. Na gane abin da yake yi. Gyara shi yake yi don ya mayar wa mai shi da mutunci. Raina ya ɓaci, na tsaya a kansa na ce ashe har ya yanke, za mu koma zaman baranda ke nan.

Bai ɗago ba ya ce, "Rahina, hannun ya tafi. Kalangun ya tafi. A garin nan ba wanda ya san sunana, sai dai a ce kai baƙin nan, zo ka ɗauka. Abu ɗaya na fito da shi daga gida, ba a taɓa kai ni ƙasa ba. In na bayar da shi, me ya rage?"

Na zauna a kan bokiti. Can na ce masa ni dai ban san me zai rage ba, amma na san abin da na zauna da shi shekara huɗu, mutum ne da ba a taɓa kai shi ƙasa ba kuma ba ya dariya, ba na son a dawo mini da shi. Na tashi na sauka, don hawaye sun fara zuwa kuma ba na son ya gani ya ce na ci nasara da kuka.

Ranar Asabar da safe muka bar Ilham wurin Ummu Arwa, don ban san abin da za ta gani ba. Filin ƙwallon makarantar aka zagaye da igiya, yara a zaune a ciyawa, iyaye a kujeru, kowa da waya a sama kamar yadda ya faɗa. Na samu wuri daf da igiya. Duktur ya fito da lasifika ya yi bayanin kwalkwali mai tsini da ƙarfen da ke kare hanci, ya zagaya da gatari da kulki yara suna taɓawa. Ni ba na jin komai. Ina ta addu'a Allah ya karya taurin kan mutumin nan, har ina faɗa a fili, matar da ke kusa da ni tana kallona.

Suka fito. Wallahi ya yi kyau. Duk cikinsu ba wanda sulke ya zauna wa kamarsa, kuma gaskiyarsa ce, ko daga tsayuwar ka san Turke ne, hagu a gaba, kafaɗa a karkace, yana ɗan rausaya kamar mai jin kiɗa. Rabon da in ga wannan rausayar tun ina budurwa, ina leƙe ta bayan 'yan kallo a filin Ƙaura. Mahir ya matso, hannunsa a ɗaure cikin safar ƙarfe. Ya kawo na sama, garkuwa ta amsa. Ya kawo na gefe, ta amsa. Na uku ya shiga.

Ya tsaya. Ɗan lokaci ne ƙwarai, amma na gan shi, na ga Mahir ya riga ya fara juyawa. Sai gwiwar dama ta sauka, ta hagu ta bi, takobin ya wuce ta saman tsinin kwalkwali ya daki garkuwar Ubaida, mijina kuma ya tafi gaba ɗaya ya kife a ciyawa, ƙarfe ya yi ƙara, garkuwarsa ta mirgina gefe. Yara suka ɗauki ihu da tafi.

Abin da na yi mako uku ina nema ke nan, da muciya, da gori, da addu'a. Amma da na ga fuskarsa a ƙasa, ƙafafunsa a warwatse, wani yana tsallake shi, sai na ji ban so ba. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ashe duk surutun da nake yi, ni ma da abin nan nake taƙama, shi nake faɗa wa matan Faisal in ana hirar mazaje, shi ya sa tun farko na ce wa babana in ba wannan ba a bar ni. Ban san lokacin da na ɗaga igiya ba. Na ji Duktur yana kirana da lasifika, ya madam, ya madam. Na ratsa ta tsakanin Mahir da Ubaida suna tsakiyar sara, duka biyun suka daskare da takubba a sama, na gaya wa Mahir magana a kan kakansa wadda na gode Allah da ba ya jin Hausa, na durƙusa a kan mijina ina jijjiga shi ina kuka, ina cewa ya tashi, ya tashi mana, mutane na kallo.

Bai motsa ba. Na kai kunne kusa da sulken da ya rufe masa baki, sai na ji jikinsa na girgiza. Dariya yake yi, irin wadda ake dannewa, idanunsa kuma sun jiƙe sharkaf.

A hankali ya ce, "Maman Ilham, koma ki zauna. Matacce nake, kada ki ɓata mini. Kuma bar ni in ɗan kwanta, ciyawar da sanyi."

Na tashi na koma da kunyata, iyaye suna ta tafa mini don sun ɗauka cikin wasan ne. Ya kwanta a wurin har aka kashe sauran mutum shida, bai ko gyara ƙafa ba. Da aka gama Duktur ya zo da kansa ya ba shi hannu ya ɗaga shi, ya sumbace shi a kwalkwali, ya ce ya bar masa sulken. Ni kuma ya ce in na sake tsallake igiya zai hana ni shiga filin har abada, na ce na ji.

Hoton ya kai Ƙaura, kafin magariba kuwa. Wasu sun yi ta magana, ya saurara ya yi dariya, ya tura musu wani da aka ɗauka ta kusa. Yanzu shekara biyu ke nan, ya mutu a makarantu, ya mutu a wani biki a Dokki, har shi Duktur ke sawa ya koya wa sababbi yadda ake zubewa ba a ji ciwo ba. Ina raka shi duk inda za su, in kai zoɓo mai sanyi, in zauna daf da igiya. Ina kallon sara na farko, ina kallon na biyu. In na uku ya taho sai in buɗe jakata in yi ta neman abin da ban ajiye ba, har in ji yara sun yi tafi.